Takardar Bindigar da Na Gada

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi Sabon Gari sayen bindiga ba, ko na so in manta ma 'ya'yana ba za su bari ba. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ajamin ma ban wuce gane alif ba. Ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata (tana ta gyara mini Sakkwatanci wai don mutanen Kano su gane, Allah ya shirye ta).

Maigidana, Malam, ya rasu bara waccan. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare a Ƙofar Rini, kuma har gobe in na ji motsin ƙofar zaure bayan la'asar sai na gyara ɗankwali, sannan in tuna. (Dakata in share idona. A'a, rubuta, ba abin ɓoyewa ba ne.) Ya bar mana lambu a fadama, gwaiba da mangwaro da ɗan wurin gero. Da yana da rai kukansa ɗaya ne, kurege da tsuntsaye sun raina shi. Maganin da ya sa wa rai kuwa shi ne bindigar iska, wadda ba ta cin albarushi, sifirin ne a cikinta ke tura 'yar ƙwayar dalma. Yakan ce mai hankali ba ya sayen wadda za ta tsaya a yadda take. Mai ƙwarin jiki ake saye, in hannu ya faɗa sai a koma wurin 'yan sanda a nemi izini, a canza mata sifirin, a ƙara mata ƙarfi. Na ji wannan karatu ina tsintar shinkafa, na ji shi ina kaɗa miya, har na haddace shi ba da niyya ba.

Bayan na fita takaba 'ya'ya suka taru suka ce a sayar da lambun, tunda babu mai tsaronsa. Wanda suka wakilta ya faɗa mini shi ne mijin babbar ɗiyata, ma'aikaci a kamfanin siminti na Kalambaina, mutum mai kunya kamar amarya. Shekara ashirin yana surukina ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Yana tsugune a bakin ƙofa, ni ina bayan labule, na ce a ba ni zuwa nunar gwaiba. In na kasa kare ta a sayar. Lambun nan shi kaɗai ne wurin da nake zuwa in ji kamar Malam ya ɗan zaga ne zai dawo.

Sai na buɗe akwatinsa. A can ƙasansa na samu takardar da na san ranar da ya shigo da ita daga ofishin 'yan sanda, yana murna yana cewa ta bindiga ce. Ga hotonsa a manne, ga tambarin gwamnati mai dawakai biyu. Na zauna na yi fatawa ni kaɗai: an raba gado, maza sun ɗauki littattafai, mata sun ɗauki nasu, ba wanda ya ambaci takardar nan, ke nan ta faɗo cikin tumunina. Lasisin miji ai na matarsa ne, kamar butarsa. Na naɗe ta a ƙyalle, na sa mata turare, ban nuna wa kowa ba.

Ranar wata Talata da hantsi na hau keke napep sai shagon kayan farauta da na kamun kifi. Mai shagon wani Ibo ne haifaffen nan, Sakkwatancinsa ya fi na mai rubutun nan. Ya ba ni kujera, ya tambayi wane ɗan nawa ne ya aiko ni. Na ce ni na aiko kaina. Akwai wasu maharba biyu zaune a kan benci, suka bar hirarsu suka juyo.

Ya ɗauko wata 'yar siririya marar nauyi, ya ce ita ce daidai ni. Ko taɓa ta ban yi ba. Na gyara murya na zubo karatun Malam tun daga farko: jikinta zai ɗauki babban sifirin? In na samo izinin ƙarin ƙarfi nan gaba, za ta jure ko za ta tsage? Maharban nan suka dubi juna suna jinjina kai. Wallahi a lokacin ji nake kamar in an auna ni na fi buhun gero nauyi.

Ya shiga ciki ya fito da babba, baƙa, tsawonta ya kusa nawa. Ya nuna mini yadda ake karya ta a tsakiya kafin a sa ƙwaya, a hannunsa kamar yana ɓare gyaɗa. Na karɓa. Na ja, ba ta motsa ba. Na ɗora ta a gwiwa kamar icen girki, ba ta san ina yi ba. Na kafa gindinta a ƙasa na rungume ta kamar taɓarya na rataya a jikinta, ƙafafuna har suna barin ƙasa.

"Inna," in ji ɗaya maharbin, "wa za a fara ƙara ma ƙarfi, ke ko ita?"

Na ce masa uwarsa ma da haka ta fara daka. Aka yi dariya, ni ma na yi, don ina da abin da zai rufe bakin kowa. Da mai shagon ya ce ko ƙaramar ba ya sayarwa sai da takardar hukuma, sai na kwance ƙyalle a hankali, ƙamshi ya cika shago, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya rage murya ya ce wannan takardar neman lasisi ce, ba lasisin ba, ba a ma mayar da ita ofis ba. Ya ƙara da cewa ko da lasisin ne, ba a gadonsa, yana bin mai shi. Mai hankali da nan ta naɗe ƙyallenta. Ni kuwa na juya takardar na nuna masa rubutun da ke baya, na ce ga hannun hukuma nan, in bai iya ajami ba ya nemo wanda ya iya, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Mai shagon ya leƙa shagon kayan mota da ke maƙwabtaka ya kira wani mai saye.

Takalman na fara gani. Na san su, shekara ashirin ina ganinsu ta ƙarƙashin labule.

Surukina ya zube ƙasa yana gaisuwa, ni na juya fuska bango, bindiga tana jingine a kafaɗata. Ya karɓi takardar, ya duba bayanta, sannan ya ce a bari sai an je gida. Na ce wa bango, a karanta. Ashe Malam da ɗabi'arsa ta rubutu a bayan kowace takarda, nan ma bai bari ba. Bawan Allah ya karanta:

"Na fasa kai wagga takarda. Gajeriyata ta ce ran da bindiga ta shigo gidan nan ita za ta fita. Kurege ya ci rabonsa, ita ta fi mini gwaiba."

Gajeriyata. Sunan da ko 'ya'yana ba su taɓa ji ba, sai ga shi a bakin surukina, a tsakiyar Sabon Gari, a gaban maharba biyu. Kuma wallahi na faɗi maganar, ba sau ɗaya ba. Mutuwarsa ce ta goge mini ita, na mayar da kaina matar da ta goyi bayan mijinta a komai. Kuka ya zo mini, dariya ta zo, suka haɗu na dinga shaƙuwa. Maharbin nan mai baki ya sunkuyar da kai yana yi wa Malam addu'a, kafaɗunsa na girgiza.

Surukina ya kai ni gida a motarsa, ina baya na lulluɓe har hanci. Bayan kwana biyu ɗiyata ta zo ta ce mijinta ya ce lambun da aka bar wa kurege saboda Inna ba za a sayar da shi a kan idonsa ba. Ya nemi takarda da sunansa, da ta fito ya sayi 'yar siririyar nan da na raina, ya ce ƙarfinta ya ishi kurege. Duk Asabar yana can, ni ina gindin mangwaro na ba shi baya.

Abin da na koya da tsufana shi ne, in mijinki ya bar rubutu, ki sa a karanta miki shi a ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe, kuma mace ta karanta.