Nomau da Salansar Jar Mota

Wannan labari Yaya Tasalla mai daddawa ce ta fara ba ni shi, wata yamma muna zaune muna ɓarar gyaɗa. Ita ba ta ƙari a magana, sai dai ta rage. Katangarta ɗaya da gidan Nomau a Gamjin Bawa, don haka da kunnenta ta ji komai, kunnen da take cewa har yanzu bai koma daidai ba.

Nomau mutumin kirki ne, Allah ya sani. Ba ya zagi, ba ya ƙarya, ba ya cin na wani. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya tsaya nan kana zuwa, ko jibi ka dawo a nan za ka same shi. A gidan akwai matarsa Tabawa, da jaririyarsu ta fari da suka daɗe suna roƙon Allah, Ladingo. Akwai surukarsa Inna Kuluwa, wadda ta zo daga ƙauyensu don yi wa Tabawa wankan jego. Sai kuma jar mota.

Motar ta ƙanensa ce da ke aiki a Legas. Ƙofa biyu gare ta, gajeriya kamar kwaɗo ya durƙusa, cikinta na sharar ƙasa. Irin ta samarin birni ce, an cire mata salansa an maƙala wani ƙaton bututu don ta riƙa ruri. Da ƙanen zai koma ya koya masa tuƙi sama-sama, ya ce, "Yaya, na bar maka ita. Amma kullum safe da yamma ka tayar da ita, in ba haka ba injin zai mutu." Nomau ya ce to. Bai taɓa fashi ba. In ya murɗa makulli, kaji su haye katanga, kwanukan jeren Tabawa su kama rawa, Ladingo ta tsala kuka. In faɗa muku gaskiya, yarinyar ko mota na kashe kuka take yi, irin jariran nan ce da ba su san barci ba. Amma Inna Kuluwa ta riga ta sami mai laifi.

Ta aika aka kira shi. Ya zo ya durƙusa can bakin ƙofa, kai a ƙasa.

Ta ce, "Baban yarinya, ranar Laraba motar kasuwa za ta biyo. In wannan jar aljanar ba ta yi shiru ba, zan kwashe 'yata da jikata mu tafi gida. Ka zauna da ita, ta tuƙa maka tuwo."

Ya ce, "Inna, ai ba ta iya tuwo ba."

"Tashi ka ba ni wuri! Kada kunnena ya ƙara jin ta."

Nomau ya tashi jiki a sanyaye. Shi duk duniya ba abin da yake so irin ya leƙa ɗaki ya ga ɗan tafin ƙafar Ladingo.

Wata rana da sassafe sai ga shi da buhun auduga. Ya ɗibi curi biyu ya ɗora a faifai, ya tura wa Inna da sanda daga nesa, don kunyar surukuta ba ta bari ya miƙa mata hannu da hannu. Ya ce, "Inna, na kunne ne." Daga nan ya bi maƙwabta gida-gida yana rabawa, har awaki sai da ya toshe wa. Mutane suka ga kyauta ce kuma ga sauƙi, kowa ya cusa. Ranar ladan ya yi ta kiran azahar har muryarsa ta dushe, ba wanda ya zo sai kurman garin, shi da ma inuwa yake dubawa. Inna Kuluwa kuwa ta wurgo faifan ya sami Nomau a ƙeya.

"Ni na ce ka toshe ni?"

"Kin ce kada kunnenki ya ji, Inna."

Wata rana Tabawa ta ja shi gefe. Tana son mijinta, ba ta son tafiyar nan ko kaɗan. Ta ce, "Maigida, don girman Allah ka kai ta nesa da gida kafin ka tayar." Nomau ya tuɓe riga ya kama turi. Ya wuce rijiya, ya wuce fadama, ya wuce gonar da ba wanda ya san mai ita, har gindin kukar kan iyaka, gumi na zuba kamar an tsamo shi daga kogi. A can ya tayar da ita. Sai ya shiga ya tuƙo ta gida, tana ruri tun daga fadama, ya tsaya daidai tagar ɗakin jego, ya ƙara taka totur don Tabawa ta san ya dawo lafiya.

Ya leƙa yana murmushi. "Na tayar da ita a nesa."

Tabawa ta dafe kai. "Dawowar fa?"

"Ba ki ce komai a kan dawowa ba."

Wata rana ya je wajen Sabo bakanike, wanda garejinsa ke bakin titi. Sabo ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Salansa za ka saya, ita ke shanye ƙara. Ka je wajen masu kayan mota na hannu a kasuwar birni. Amma kada su cuce ka, ka saurara da kunnenka kafin ka ɗauka." Nomau ya tarar da salansa jibge a ƙasa, manya da ƙanana. Ya durƙusa ya kara kunne a ta farko.

Mai kayan ya ce, "Malam, lafiya?"

"Yi shiru mana, saurare nake."

Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Ya zo kan wata sabuwa fil mai ƙyalli, ashe gyare ya shige cikinta yana kuka. Nomau ya ture ta ya ce, "Wannan mai surutu ce." Can ƙarƙashin tarin ya zaƙulo wata tsohuwa, tsatsa ta cinye ta, duk jikinta huji. Ya saurara har wuyansa ya ƙage, ya ce, "Wannan ko numfashi ba ta yi." Da aka ɗaura, rurin yana nan, ga kuma kowane huji na busa nasa daban kamar masu algaita sun yi faɗa. 'Yan matan unguwa suka fito da kwalliya suna tambayar gidan wa ake biki.

Wata rana Sabo ya ce, "Kai Nomau, Allah ya shirye ka. Ka nemo mai babban ciki, ita ce mai haɗiye ƙara." Nomau ya koma kasuwa ya ce a ba shi wadda ba wadda ta fi ta girma. Aka jawo masa ta tirela. Ƙarƙashin motar ya ƙi ɗaukarta, sai ya sa mai walda ya kafa ta a tsaye daga baya. Nauyi ya danne gindin motar, hancinta ya ɗaga sama kamar mai jiran ruwa. Da ya shigo gari, salansar ta bi tana tsinke igiyoyin shanya, ya iso gida da zannuwan unguwa na kaɗawa a bisa kansa, har da na Inna Kuluwa. Ƙarar kuma ta koma buuu, irin ta ƙaton sa. Bijimin Sarkin Fawa ya ji an ƙalubalance shi, ya tsinke igiya ya biyo ta har zaure. Ranar a kan rumbu Inna ta yi la'asar tana jira, ba ta sauko ba sai da aka kama shi.

Ranar Laraba ta zo. Inna ta ɗaure kaya, ta jera su a tsakar gida, har da ɗan ƙullin kayan Ladingo. Nomau ya ga ƙullin nan, idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, na gwada mai shiru, na gwada mai girma. Wace iri zan saka?"

"Ni kake tambaya? Ni bakanike ce? Je ka tambayi Ladingo, ita ake hana barci!"

Ta ja Tabawa suka shiga bayan ɗaki yin wankan ƙarshe kafin tafiya. Nomau ya shiga ɗaki, ya ɗauki Ladingo, ya goya ta da zanen uwarta kamar yadda ya ga mata na yi. Ya fito ya kama turin mota zuwa bakin titi, ƙato da gemu da goyo, yarinya na tsala kuka a bayansa. Mazan da ke zaune a majalisa suka yi dariya har wani ya ƙware da goro.

Sabo ya ce, "Nomau, wannan kuma fa?"

"Ita aka ce ta zaɓa."

Sabo ya ga ba zai iya da shi ba. Ya yanke ta tirelar, ya fito da waɗanda yake da su a shago. Nomau ya kwance goyo, ya zauna a kujerar gaba da yarinya a cinya. Aka ɗaura ta farko aka tayar. Ƙara kamar ana yaga ƙyalle.

Ya sunkuya ya ce, "Ladingo, wannan fa?"

Ta callara ƙara har ta yi ja.

"Ta ce a'a."

Aka ɗaura ta biyu. Wannan ta shaƙe motar, injin na tari, ba ƙara ba kuzari. Ladingo ta ci gaba da kukanta tana harba ƙafa.

"Wannan ma ba ta so. Ta ce motar ba lafiya."

Aka ɗaura ta uku, wata 'yar madaidaiciya da ba wanda ya kula da ita. Sabo ya murɗa makulli. Motar ta ɗauki wani gurnani a ƙasa-ƙasa, irin na kyanwa in ta ƙoshi, kujera na ɗan girgiza a hankali. Nomau ya buɗe baki zai yi tambaya, sai ya ga Ladingo ta yi hamma. Ta saki ɗan hannunta da ta dunƙule. Ta rufe ido.

Daidai nan sai ga Inna Kuluwa a guje, muciya a hannu, ɗankwali a kafaɗa. "Ina ɓarawon jariri? Yarinyar da ko arba'in ba ta yi ba ka kawo cikin baƙin mai?" Ta fizge Ladingo ta juya. Ba ta kai ƙofar gareji ba yarinya ta farka ta tsala kuka. Inna ta ja da baya kusa da mota, kuka ya ragu. Ta sake yin gaba, kuka. Ta dawo, shiru. Ta tsaya ta dubi motar, ta dubi Nomau, ta dubi Sabo, Sabo ya kama duban sama.

Ta ce, "Matsa."

Nomau ya fita ya durƙusa can nesa. Inna ta lanƙwashe ta shige kujerar, gwiwoyinta na taɓa haɓa, yarinya a ƙirji tana barcin da ba ta taɓa yi ba tun haihuwarta.

Can sai ga motar kasuwa. Direba ya hango Inna, ya danna hon, ya leƙo ya ce, "Inna, mai tafiya! Ina kayan?"

Inna ta ɗaga muciya ta taga, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kai, wuce ka ba mu wuri. Ba ka ga ana barci ba?"

Nan Yaya Tasalla ta tsaya, gyaɗa ma ta ƙare. Washegari da safe na goya 'yar ɗana Shatu, wadda haƙori ya hana mu sakat, na nufi gidan Nomau. Na tarar mata sun riga ni, kowace da goyonta mai kuka, an yi layi har zaure. Jar mota na gurnani a gindin darbejiya, Inna Kuluwa na zaune a gaba tana karɓar jarirai ɗaya bayan ɗaya. Na matsa in gaishe ta, don tare muka yi 'yan matanci. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ke, bi layi. Kuma ki rage murya, motar surukina ba ta son hayaniya."