An Gitta Igiya a Hanyar Gulbi Saboda Jirgin Sama

Ƙarfe goma na safe ne, hadari ya taso daga wajen Tunuga amma ya ƙi zuba, sai zufa. Ina zaune kan kabu-kabuna a tasha, radiyon mai shayi yana yi mana albishir: kamfanin jirgin sama na wata ƙasa ya ƙulla ƙawance da na wata. Wai tikiti ɗaya za ka yanka, wannan ya ɗauke ka, wancan ya ƙarasa da kai, jakarka ma ba sai ka taɓa ba. Kasuwanci zai bunƙasa, in ji su.

Madalla. Mu a Gaya daga ƙasa muke ɗaga wa jirgi hannu, amma Mai Girma Sarkin Almakashi, mai yanka ƙyalle a kowane bikin buɗewa, bai raina mu ba. Da mota goma sha ɗaya ya zo buɗe mana ɗakin sayar da tikitin. Allah ya ƙara girma. Saboda shi aka gitta igiya a hanyar gulbi tun da safe.

Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma wannan ƙawance na gane shi. Ni ke kai fasinja bakin ruwa, Seyni ya tsallaka da shi a kwale-kwale, Alfari ya ɗauke shi da moto a ƙetare. Ba wanda ya taɓa yanka mana ƙyalle.

Sai ga wata tsohuwa, Inna Hajo, ta sauko daga motar Doso da ƙullin kaya. Ɗiyarta na kwance a gidan likita a Paraku, can ƙetaren gulbi, gobe za a yi mata aiki, kuma motar ƙarshe a ƙetare da azahar take tashi.

"Ɗan nan, kai ni ruwa."

"Inna, an tare hanya. Manya na bikin jirgin sama."

"Jirgin zai kai ni Paraku?"

"A'a, Inna."

"To ina ruwansa da ni?"

Na je wajen mai tsaron igiya, na cire hula. Ya ce in yi haƙuri, Mai Girma na cikin bayanin yadda za a sauƙaƙa wa jama'a tafiya. Na ce ai kuwa muna gani.

Na buga wa Seyni waya. "Riƙe kwale-kwale, ina da tsohuwa."

"Kai, fasinja za su cinye ni!"

"Me za su ci a jikinka? Ƙashi?"

Muka bi ta gonakin shinkafa. Inda laka ta kama taya na sauka na tura, Inna na bisa tana faɗa mini ban iya tuƙi ba. Mun tarar da Seyni ya kafe gorar tuƙi a ruwa, mutum ashirin na zaginsa da yaren Dendi. Ta shiga, ta ce ya tuƙa kamar wanda ya karya kumallo. Da sauran lokaci, za ta samu motar.

Har sun ɗaga sai na hangi takalminta ɗaya a laka. Na shiga ruwa har gwiwa na miƙa mata. Ta juya shi, ta dube ni.

"Ka jiƙa shi."

Gaskiyarta. Kamfaninmu bai da ɗakin kai ƙorafi, shi ya sa na karɓi nata a tsaye.