Ranar da Na Kai Manja Makarantar Su Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na faɗa makarantar su Hadiza riƙe da kwalbar manja da ludayi ba. Ko da ma na so in manta, matan unguwarmu a nan Yelwa ba za su bari ba.

Hadiza ita ce 'yata ta fari. A lokacin tana aji huɗu na firamare, ƙanenta Sadiku yana aji ɗaya. Wata rana ta dawo ta ajiye kular abincinta, na buɗe na tarar da dafa-dukan da na zuba mata yana nan yadda yake. Na tambaye ta, ta yi ta murza bakin hijabinta, can dai ta ce akwai wata baƙuwar yarinya a ajinsu da aka yi wa mahaifinta canjin aiki daga Birnin Kebbi, kullum da kek take zuwa, mai tuffa a ciki. In an fita tara, ita yara suke zagayewa.

"Ni kuwa Inna, da na buɗe tawa sai a ce warin kifi."

(Mahaifinsu busasshen kifi yake saye da sayarwa. Gidanmu ko labule ka sunsuna sai ka ji yunwa.) A gabanta dariya na yi, amma da na shiga ɗaki sai da na share hawaye. Ni haka Allah Ya yi ni, in an taɓa yaro, ni ce ke jin zafin.

Na ɗauki waya na yi ta nema har na samu wata baiwar Allah tana koyar da kek ɗin tuffa, ta ce mai sauƙi ne, ko yaro zai iya. Fulawa, ƙwai, sukari, mai, bekin hoda, 'yar kirfa, sai tuffa a markaɗa a zuba. Na ce ashe ma wannan ne. Na yi sakandare fa, har darasin girki an yi mana. Na aika aka sayo mini tuffa a wajen masu tebur na bakin tasha, jajaye masu sheƙi, na ɓoye su a ƙasan kwalla kamar gwal.

Ranar Litinin na zaɓa, kuma ina azumin nafila. Ina idar da sallar asuba na fito tsakar gida. Ita mai koyarwar tana da na'urar gashi da ta markaɗe. Ni tukunyar yashi gare ni da gwangwanayen madara, kuma wannan bai dame ni ba, da su aka yi kek ɗin bikina. Abin markaɗen ne matsala, don tun jiya aka ɗauke wuta. Sai idona ya faɗa kan turmin miyata. Na ɗauraye shi, na yayyanka tuffa na zuba na kirɓa. Ban fere ba, ban cire komai ba, har 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan na tsakiya. Abin da aka sayo da tsada, kuma an hane mu da almubazzaranci.

Kek ya tashi gwanin sha'awa, ja-ja-jir da shi. Ban ɗanɗana ba saboda azumi, ga kuma 'yar mura da ta toshe mini hanci. Na cika wa Hadiza leda, na sa wa Sadiku nasa.

"Ki raba wa 'yan ajinku duka, har ita 'yar Birnin Kebbin. Wannan babban kuma ki kai wa Malama Rahila."

Malama Rahila ita ce shugabar makarantar, dattijuwa mai tabarau, wadda ko iyaye ke shakka. Yaran suka tafi, ni kuma na kama shara ina 'yar waƙata a zuci, ina jin yau na fitar da 'yata kunya.

Hantsi ya ɗaga sosai sai ga kiran yayata, Yaya Larai, daga Wara. Bayan gaisuwa na kasa haƙuri, na ba ta labari tun daga tasha har turmi.

Sai ta ce, "Mi kinka yi da ƙwayoyin ciki?"

"Da su na daka, Yaya."

"Kinka daka su?"

"Ai ƙanana ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke ba ki ji saƙon da aka ta yawo da shi ba? Dahi na gare su. In anka haɗiye su ɗungum da sauƙi, in anka daka su kuwa, shi ke nan. Bari in turo miki."

Ta turo. Muryar wani namiji ce, a natse, irin muryar masu karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Ya ce a cikin ƙwayar tuffa akwai guba, ya faɗi sunanta da Turanci, ya ce iyaye mata a yi hattara. Ban kai ƙarshe ba wayar ta suɓuce daga hannuna.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Tsakar gidan ta yi mini nisa, kukan kaji ma kamar daga wata unguwa yake zuwa. Na ɗaga kai na dubi rana. An riga an fita tara, an ma koma aji. Duk abin da za a ci an ci.

Na kira mahaifinsu, yana can wata kasuwa wajen Shanga, waya ba ta shiga. Yaya ta sake kira.

"Manja," in ji ta. "Ki ɗura musu manja, shi ka kashe dahi. Ki tahi yanzu."

Na suri kwalbar manja da ludayin miya, na zura hijabi (a bai-bai, daga baya aka gaya mini), na fita ko ƙofa ban ja ba. Na tsayar da ɗan kabu-kabu a bakin layi.

"Hajiya, lahiya?"

"Makarantar firamare. Don girman Allah ka yi sauri."

Tafiyar nan ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Da farko Hadiza da Sadiku kawai nake gani. Sai kuma na tuna da bakina na ce a raba wa aji duka. Fuskokin iyayensu mata suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, matan da muke haɗuwa a islamiyya da gidan suna. Wadda ta fi tsaya mini ita ce maƙwabciyata Maman Ummi. Shekara da shekaru ta yi tana neman haihuwa kafin Allah Ya ba ta Ummi, ita kaɗai gare ta, kuma bencinsu ɗaya da Hadiza. Da wane baki zan gaya mata? In ce kek ne? In ce don kada a yi wa 'yata dariya ne?

Muna wuce kasuwa sai ga wani babur ya taho da gudu, an sa yaro mai kayan makaranta a tsakanin manya biyu, kansa ya langaɓe. (Barci yake, ina jin.) Na ce shi ke nan, an fara kwasarsu. Na riƙe rigar ɗan kabu-kabun har ya ce, "Hajiya, za ki kada mu." Hasbunallahu kuwa na karanta ta har harshena ya bushe. Na yi wa Ubangiji alkawarin azumi, na yi na sadaka, na ce in dai rai za a ɗauka a ɗauki nawa, ni na daka.

Muka iso, makarantar tsit. Shirun nan ya fi komai tsorata ni. Na wuce maigadi yana yi mini magana, na nufi aji huɗu, na banka ƙofa ba sallama. Malaminsu yana tsaye da alli a hannu. Na hango Hadiza, na yi kanta, na taɓa wuyanta, na ɗaga fatar idonta, na tsiyaya manja cikin ludayi.

"Inna, mene ne?"

"Buɗe bakinki."

Na ɗura mata. Ta ƙware, ta yi tari, rabin manjan ya gangaro kan farin hijabinta. Ni kuma na juya ga aji ina kuka, ludayi a sama.

"Duk wanda ya ci kek ya zo nan. Guba ce a ciki, ni na sa muku."

Yara suka ɓarke da kururuwa, wasu suka haye benci, wasu suka yi waje. Kafin ka ce kwabo tagogi sun cika da 'yan sauran azuzuwa, har masu sayar da awara na bakin ƙofa sun baro kaskonsu. Ina ƙoƙarin kamo Ummi sai na ji murya a bayana.

"Maman Hadiza, ajiye ludayin nan tukuna."

Malama Rahila ce. Ta sa aka rufe ƙofa, ta zaunar da yara, ta saurare ni har na gama, ina yi ina sheshsheƙa. Sannan ta juya ga aji.

"Wanda ya ci kek ɗin Hadiza ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya motsa.

Na ɗauka tsoro suke ji. Na durƙusa a gaban allo, ni da girmana, na ce, "'Ya'yana, ku dubi Allah ku faɗa. Ba wanda zai doke ku. Ummi, ke fa, 'yar albarka?"

Ummi ta sunkuyar da kai. "Na gutsura, Inna. Amma na tofar."

"Don me?"

Wani ɗan baƙi mai wushirya a bencin baya ya taimaka mata.

"Daddawa ce a ciki, Malama."

"Da tafarnuwa," in ji na kusa da shi.

"Da kifi."

"Mun ba akuyar Baba maigadi ma, ta sunsuna ta wuce."

A nan ne turmina ya faɗo mini a rai. Turmin da ya shekara goma sha wani abu yana shan daddawa da kan kifi da tattasai, na ɗauraye shi da ruwa kofi ɗaya na ce ya tsarkaka. Ban san wanda ya fara dariya ba, amma daga taga ta shigo. Malamin ya juya yana goge allon da ba komai a kansa. Malama Rahila ta buɗe jakarta ta fito da babban kek ɗin nan a naɗe cikin takarda, da ɗan gurbin haƙori a gefe.

"Ni ma na taɓa," ta ce, ko murmushi ba ta yi ba. "Na ce sai na je gida in ci a natse."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Ina neman inda zan sa fuskata sai Hadiza, baki duk ja, ta ce a hankali, "Inna, Sadiku ya ci nasa."

Tsoron ya dawo sabo fil. Aka ruga aka zo da shi, yana tafe yana jan wandonsa da ya yi masa yawa. Na rungume shi ina lalube cikinsa. Malama ta rage tsawo ta tambaye shi ko ya ci. Ya ce ya cinye nasa, ya kuma ci wanda Yaya Hadiza ta ce ba ta so.

"Da daɗi?"

Ya dube ni, ya dubi Malama, ya sake dubana.

"Inna ce ta yi," ya ce.

Malama Rahila ta ce maganar ƙwayar tuffa tana da asali, amma ɗan abin da ke cikin tuffa kaɗan, an kuma raba shi cikin kek mai yawa haka, ba zai yi wa yaro komai ba. Duk da haka ta haɗa ni da wata malama muka kai Sadiku ƙaramin asibitin da ke kusa, don hankalina ya kwanta. Ma'aikaciyar jinyar ta duba shi ta ce lafiyarsa lau. Ni ce na sha faɗa. Ta ce ko da gubar gaske yaro ya sha, asibiti ake kawo shi, ba a ɗura masa manja, don yana iya shaƙe shi. A duk makarantar nan mutum ɗaya ne ya yi ciwon ciki ranar, ita ce Hadiza, kuma ludayina ne ya jawo mata. Har ƙarshen zangon Hadiza Manja ake kiranta. Na ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, ta ce ba komai, sai dai don Allah in koma zuba mata dafa-dukanta.

Da aka kira magariba na sha ruwa, sai na ɗauko guda ɗaya da na ajiye wa mahaifinsu, na ce bari dai in ji da bakina. Na gutsura. Jama'a, ko murar ba ta cece ni ba. Kamar an zuba sukari a miyar kuka an gasa. Na waiwaya na ga Sadiku a kan tabarma yana kallona, yaron da ya tura biyu cikinsa bai ce uffan ba, sai na haɗiye nawa ni ma, don kunyarsa.

Tun daga ranar ba na sabon girki da azumi a bakina, ba na kuma fita da gudu a kan saƙon da ban san mai shi ba. In kuma na yi wani abu Sadiku ya cinye tas, ba na saurin murna. Sai in aika wa 'ya'yan maƙwabta, waɗanda ba ni na haife su ba, in tsaya a bakin zaure in ga yadda fuskarsu za ta yi.