Rasuwar Turmin Nana Otua

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Maame Araba Essel, mai bandar kifi a garin Butre na bakin teku, a madadin mahaifiyarta Nana Otua da ƙanenta Ekow da sauran dangi na ɗakin uwa, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar turmin fufun gidansu. Marigayin bai tsage ba, gara ba ta ci shi ba, wuta ba ta lashe shi ba. Wanda ya leƙa shi yau zai rantse lafiyarsa ƙalau. Ƙafar baƙo ce ta yi ajalinsa.

Babu mai iya faɗin shekarun marigayin. An sassaƙa shi ne domin mahaifiyar Nana Otua, daga hannunta ya dawo hannun Nana, daga nan ya zo wa Araba. Gajere ne mai faɗin baki, jikinsa ya yi santsi saboda yawan hannayen da suka shafe shi. Kullum la'asar sai ya sha duka, bai taɓa ƙorafi ba, bai kuma taɓa barin gudaji a cikin rogo da agade ba. Maƙwabta sun sha aronsa ranar suna da ranar makoki, ya je ya yi aikinsa ya dawo da mutuncinsa. Ba a taɓa zama a kansa ba, kuma yaran gidan da suka gwada suna iya ba da labarin marin da suka sha. Muryarsa sananniya ce tun daga bakin gada: dum, sai ɗan shiru yayin da jiƙaƙƙen hannu ke juya fufu, sai wani dum ɗin.

Wadda ta fi kowa sanin wannan murya ita ce Nana Otua. Idanunta sun tafi da daɗewa, haƙoranta sun bi bayansu. Ba ta cin shinkafa, ba ta cin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, abincinta ɗaya ne a duniya, wato ɗan curin fufun turmin uwarta da miyar kwakwa. Duk gidan sun san cewa ranar da turmin nan ya yi shiru, tsohuwar ba za ta daɗe ba.

Ciwon ajali ya shigo ta hannun Ekow, wanda ya ga ɗakin baya yana zaune banza ya ce a riƙa saukar da masu yawon buɗe ido. Ba masu otal da mota ba, waɗannan na ƙasa, masu goya jakar da ta fi su tsawo, kofi da takalmi da jiƙaƙƙen tawul suna reto a bayanta. Sukan hau tudu su ɗauki hoton kangon ganuwa, su sauko su kwanta tsirara-tsirara a kan yashin da kowa ya san abin da ake yi a kansa da asuba, su shiga kasuwa suna shinshina kifin mutane, sannan su zauna cin abinci da hannun da ya ga dama.

“Ekow, mutanen da riga ɗaya ke kai su wata guda za ka zuba mini a gida?” in ji Araba.

“Haba Yaya, ɓerayen da ke kwana a ɗakin ko gaisuwa ba sa yi. Waɗannan aƙalla za su ce ina kwana.”

A cikinsu akwai wani dogon Bature mai suna Torben. Iyali ba za su yi masa ƙarya ba, yaro ne mai ladabi. Yana gaida Nana da rusunawa, yana ɗebo ruwa, har ya koyi haɗiye fufu ba tare da ya tauna ba. Sai dai ya biyo gaɓar teku ne a ƙasa tun daga can yamma, cikin takalmin da bai taɓa bushewa ba. Ranar da ya tuɓe shi a tsakar gida, kaji ma sai da suka canza wuri. Fatar tsakanin yatsunsa ta yi fari fat tana saɓulewa, diddigensa ya tsattsage yana tsatsar ruwa, babban farcensa ya ɗago ya yi kore. A asibiti aka ce masa ya riƙa jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi da gishiri kowace safiya. Safiya kuwa ita ce lokacin da Araba ke wajen banda, Ekow yana kan kwalekwale, marigayin kuma yana jingine a bayan madafa shi kaɗai.

Ba wanda ya sani sai ranar tafiyarsa. Ya goya jakarsa, ya kama hannun Araba da hannu biyu.

“Mama, na gode ƙwarai. Musamman kwanon katakon nan naku na wanke ƙafa. Dubi, har na warke.”

“Wane kwano?”

Ya ciro waya ya nuna mata. Ga shi zaune a kan kujerar mai juya fufu yana washe baki, ƙafafunsa biyu cikin marigayin har idon sawu, ruwan ya yi kalar tsari, wasu 'yan fararen abubuwa suna yawo a sama. A gefe ga safarsa tana jiran layi, domin ya ce ba ya son ɓarnar ruwa.

“Kullum?” ta tambaya.

“Kullum, Mama. Amma ina ɗauraye shi in mayar yadda na same shi.” Sai ya ƙara da cewa ya ci fufu a garuruwa da dama, bai taɓa jin mai ɗanɗanon na gidanta ba.

Araba ba ta mare shi ba, kuma har yau tana nadamar hakan. Ta zagaya bayan gida ta mayar da abin da ta karya da shi. Duk tsawon zamansa gidan gaba ɗaya daga turmin nan suke ci. Fasto ya ci. Surukan Ekow sun ci. Mai rubuta wannan sanarwa ma ya ci, har ya nemi ƙari, kuma tun daga ranar bai sake duban fufu da idon rahama ba.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. An ƙona marigayin da tafasasshen ruwa, an dirje shi da toka da yashi da lemun tsami, an kankare cikinsa da fasasshiyar kwalba, an kai shi teku an dawo da shi, an shanya shi a rana har ya yi fari. Daga nan Araba ta dafa rogo ta zuba, Ekow ya ɗaga taɓarya. Da ta sa hannu za ta juya, ta ga farin rogo yana manne mata tsakanin yatsu, sai ta miƙe ta bar wajen. A wannan la'asar ce iyali suka tabbatar da cewa rai ya yi halinsa.

Kashegari ta sayo sabon turmi a kasuwar Agona. Bugu na farko, Nana ta yi magana daga ɗaki.

“Wane baƙo ne ke kuka a tsakar gidana?”

“Namu ne ya tsage, Maame,” in ji Araba.

“To kawo shi in shafa tsagar.”

Ba a kai mata ba. Aka kai mata fufun sabon turmi, ta taɓa da yatsa, ta ture kwanon. Haka gobe, haka jibi. Ruwa kawai take kurɓa, zanenta ya fara yi mata yawa, muryarta ta koma ciki. Araba ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a ɓoye, tsoro ya kama ta sosai, domin tana ganin uwarta na narkewa a gabanta. Da ta rasa yadda za ta yi, ta durƙusa a bakin gado ta faɗi gaskiya tas, har da safa da koren farce.

Tsohuwar ta tofar da yawu a gefe.

“Ƙazamin banza,” ta ce. “Ke ma ƙazama, da kika bar uwata a bayan madafa ba mai gadi. Kin wanke?”

“Har fatar hannuna ta saɓule, Maame.”

“To daka mini.”

“Maame, ƙafa fa. Rubabbiyar ƙafa.”

“Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Ke da ido kike ci, shi ya sa kike ganin ƙafa. Ni in na haɗiye, hannun uwata nake ji, kuma babu inda ya saura mini sai a cikin katakon nan. Tashi, yunwa nake ji.”

Marigayin ya rasu ya bar matarsa taɓarya, wadda aka aurar wa sabon turmi tun ba ta gama takaba ba, kuma har yanzu ba su daidaita ba. Ya bar ƙanwarsa kujerar juyi, ita ma tana cikin zargi tunda a kanta aka zauna. Ya bar tukunyar miya da kwanonin ƙasa masu yawa. An rufe ɗakin baya, Ekow kuma ya koma cin abinci a gidan surukansa, waɗanda sai yanzu za su san dalili.

Game da jana'iza, dangi sun zauna sun yanke cewa za a binne marigayin a gindin kwakwar bayan gida, a kife, ba tare da an ba kowa abinci ba. Masu zuwa su sa baƙi da ja, su zo da takalmansu a ƙafa, kada kuma kowa ya tuɓe. Ba a karɓar ta'aziyya daga mai goyon jaka.

Sai dai ba a sa rana ba. Gawar tana kwance a ɗakin Nana, kusa da gado, inda hannunta zai kai. Kowace la'asar Araba takan fito da ita, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta kawar da kai, ta daka curi ɗaya na mutum ɗaya. Za a yi jana'izar ne ranar da babu mai cin curin. Maame Araba tana roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa ya taya ta addu'a Allah ya sa ta daɗe tana wannan ƙazamin aiki.