Ni a Kan Tanki, Surukina a Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba.

Ina amarya, muna zaune a saman benen gidajen ma'aikata a Tudun Wada. Inji ne ke tura ruwan burtsatse zuwa wani tanki da ke kan dogayen ƙarafa a tsakar gida. Matsalar ita ce tankin kaɗan ya ɗara benenmu tsawo. Da na ƙasa sun buɗe famfo, namu sai ɗiga kamar hawayen ƙarya.

Ran nan aka aiko cewa surukina na tafe daga Doguwa, ga maigidan yana wurin aiki, ga ko ruwan alwala babu a ɗakin. Sai na ce ai makunnin bututunmu ne ba a buɗe sosai ba a can sama (wai ni mai sakandare). Na ɗaure zani, na kama tsani, na hau. Na murɗa, ashe a buɗe yake har ƙarshe.

Sai na dubi ƙasa. Innalillahi! Ƙafafuna suka ƙi motsi, tsanin kuwa sai lilo yake. Na rungume ƙarfe ina ta salati.

A haka Baba, surukin nawa, ya yi sallama. Bai tarar da kowa a benen ba, ya dawo ya shimfiɗa buzunsa a inuwar tankin, daidai ƙasana. Mutumin da ban taɓa ɗaga ido a gabansa ba, gaisuwa ma a durƙushe nake yi, ta yaya zan ƙwala masa kira daga sama? Na zaɓi in mutu shiru.

Silifas ɗina ne ya tona ni. Ya suɓuce, tim, gefen buzun.

Baba ya dubi takalmin. Bai ɗaga kai ba. Ya kira maƙwabciyarmu ta ƙasa: "Maman Hadiza, kamar akwai mutane a sama."

Ta fito da ludayi a hannu. "La ilaha! Amarya, aure kika zo ko gyaran famfo?"

Baba ya miƙe, ya juya wa tsanin baya, ya riƙe shi ta baya da hannu biyu, fuskarsa na kallon katanga. "Ki ce wa mutanen su sako ƙafar dama tukuna. Kada su dubi ƙasa."

"Kin ji, mutane!" in ji ta, tana shaƙewa da dariya.

Haka na sauko, shi yana faɗa mata, ita tana faɗa mini. Ina dira na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Ya amsa kamar daga ɗaki na fito.

Daga baya an ƙara wa tankin tsawo, ruwa ya samu. Ni dai darasina guda ne: in famfo ya ƙi, ɗauki bokiti ki sauka. Duk nauyinsa bai kai na haɗa ido da Baba ba.