Baji Shamshad Ta Ƙaddamar da Injin Gwaji

Jama'a, yau da safe 'yan sanda suka tsare ni a shataletale da kwalbar mugunya a hannu. Daga gwiwar yayata Baji Shamshad aka zuƙo ta, likita ta ce in ruga da ita ɗakin gwaji na ƙetaren gari kafin zafin garinmu Multan ya dafa ta. Sai na tarar an rufe hanya. Wai Mai Girma Uban Lafiyarmu, ministan lafiya, zai wuce otal, buɗe taron yaƙi da ƙwayoyin cutar da suka gagari magani.

Na ce wa ɗan sandan, "Sahib, ranka ya daɗe, ai ga abokan gabar nan a kwalba, bar ni in miƙa su."

Ya ce, "Su ma su jira."

Suka jira. Ko da na isa, aka ce abin ya lalace, a sake zuƙo wani.

Baji tela ce, taka keken ɗinki ya cinye mata gwiwa. Bara, gab da zaɓe, aka sa mata ta ƙarfe kyauta, har aka manna hotonta a gada tana murmushi kusa da Mai Girma. Allah ya saka masa. Ba a jima ba gwiwa ta kumbura ta fara zubar ruwa. Maƙwabcinmu Mushtak mai kemis ya ɗura mata jar kafso, ya bi da rawaya, ya ƙara da allura. Shi Mushtak ko matarka ce ta yi yaji, kafso zai ba ka.

Likita Farzana ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ƙwayoyin sun yi gini a jikin ƙarfen sun shafe shi da yaɓe, magani ba ya ratsawa, kuma na kantin Mushtak duk sun sha sun saba kamar shayin safe. Sai an cire gwiwar, a sa siminti mai magani, in wurin ya warke a sa sabuwa. "Amma sai na san wace ƙwaya ce tukuna. In aka ja lokaci, ƙafar za mu rasa."

Za ku ce me ya kai ni ƙetaren gari? Asibitinmu ma yana da injin gwajin, sabo fil. Yana ɗaki tun kafin azumi, an gitta jan ƙyalle a ƙofa, ana jiran Mai Girma ya zo ya yanka. An sha kafa rumfa, an sha cin shinkafar biryani, bai samu sukuni ba. Mutum ne mai hidimar jama'a.

Da na koma asibiti na faɗa wa Baji, ba ta yi kuka ba. Ta jawo jakarta ta ce, "Ɗora ni a keken marasa lafiyan nan, tura."

A bakin ɗakin injin maigadi ya tare mu. "Baji, rufa mini asiri! Ƙyallen na Mai Girma ne."

Ta ce, "Ɗana, ƙafar kuma ta wa? Matsa, kada in haɗa da gashin bakinka."

Ta zaro almakashinta ta kai wa ƙyallen, ƙaras! Masu jinya suka ɗauki tafi, wani tsoho mai sanda ya nemi a ba ta fili ta yi jawabi. Ma'aikaciyar gwaji ta waiwaya hagu da dama, ta shige ta jona wuta. Likita Farzana ta sake zuƙo ruwan, Baji ta cije mayafi. An ce cikin 'yan kwanaki za a san ƙwayar da maganinta, a sa ranar aiki.

Da la'asar sai ga wani babba daga ofishin asibiti, yana ta gumi. Na zaci kama mu ya zo yi. Ashe roƙo ne: Mai Girma na iya zuwa mako mai zuwa, ko Baji za ta taimaka ta haɗa ƙyallen yadda ba za a gane ba?

Ta ɗinke shi tsaf daga kan gado, ko rupi ɗaya na ladan ɗinki ba ta karɓa ba.

Shawarata ga Mai Girma, in Allah ya kawo shi, ya yanka ta gefen hagu. Ɗinkin Baji ya fi ƙarfin almakashin gwamnati.