Rasuwar Baƙar Kwat, Baƙuwar Maraɗi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙarƙarin da ke sukata duk sanda na ja numfashi, ni Ilyasu Tanimu na Sabon Gari nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar baƙar kwat ɗina ta ulu, wadda aka kashe ranar Asabar a bakin tashar Tibiri, rana tsaka, a gaban idon jama'a.

Marigayiya ba ƴar ƙasar nan ba ce. An haife ta inda ƙanƙara ke zuba, ta iso Maraɗi cikin dilar bosho, wato gwanjo, tana zaton duk duniya sanyi ake. Har ta koma ga ƙasa ba ta koyi zamanmu ba. Ba ta iya durƙuson gaisuwa ba, sai ta ɗame ni a hammata. Ba ta yarda a naɗe mata hannu don alwala. Da bazara kuwa dafa ni take kamar wake a tukunya. Duk na yafe mata. Ni da Allah ya yi wa kafaɗun tsako, ita ta ara mini na maza. In ina tafiya sai shafinta na ciki ya riƙa raɗa, shuu, shuu, in ji ni tamkar masoyan cikin littattafai, masu tsayuwa bakin teku suna jiran wadda ba za ta zo ba.

Ajalinta ya faro daga soyayya. Malam Bawa na Tibiri, mahaifin Salima wadda nake nema da aure, ya sa mini ranar gaisuwa, kuma kowa ya san ba ya sa rana sau biyu. Salima ta roƙe ni in sa riga da hula kamar ɗan mutane. Na ƙi. Wayyo taurin kai!

Ran nan gari ya rikice da rigimar zaɓe. Ana ƙona tayoyi, ana cewa wasu manya daga Yamai sun sace akwatunan ƙuri'a. Sai ga ni bisa kabu-kabu, baƙi wuluk, ina naso. To wa zai sa ulu a wannan zafi, in ba mai ofis mai sanyi ba? Masu zanga-zanga suka finciko ni ƙasa. Gora ta sauka, dutse ya sauka, bakina ya cika da jini da yashi. Na kira sunan ubana da na unguwarmu, ba mai ji. Wani ya kawo sara da adda, saitin wuya, ta zame ta nutse cikin audugar kafaɗar marigayiya. Wallahi ita ta karɓa mini. Suka ja ta hagu da dama, ta yi kukanta na ƙarshe, ɓarrr, ta rabu biyu.

Da suka ga yagaggiyar singiletina da ƙasusuwan ƙirjina a jere, suka gane wannan bai taɓa cin na gwamnati ba. Suka bar ni kwance, suka koma kanta: suka soke ta a sanda, suka zuba fetur, suka yi ta rawa har jandarmomi suka watsa su da barkonon tsohuwa.

Ta rasu ta bar wando, maraya, da karabat ta ɗaure wuya wadda ke takaba a ƙusa, da hannun hagu guda. Ta bar ni da ɗinki a goshi. A can cikin garin Tibiri kuwa Malam Bawa ya tara ƙannensa suna jirana har tuwo ya huce, ya tashi ya rantse ya gama da ni.

Salima ce ta ɗauki kafaɗar nan mai sara, wadda ta biyo ni asibiti haɗe da hannun hagun, ta ajiye a gaban mahaifinta. Aka ce ya daɗe yana sa yatsa cikin ramin addar. Sannan ya ce in zo Juma'a, amma da suturar Musulmin kirki.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi a Jiratawa, a gonar Kawu Talle, inda za a tsayar da ragowarta bisa gicciyen kara ta riƙa korar tsuntsaye. Ba a karɓar goro. Amma duk mai zuwa ta'aziyya da ke da babbar riga ta auduga, ko ta sha wanki, don Allah ya taho da ita aro. Juma'a na tafe, kuma Malam Bawa ba zai sa rana ta uku ba.